Ciko, Wanki Ko Cirewa: Me Likitan Haƙori Yake Nufi?

Gaisuwa ta musamman ga masu saurarenmu na Gyallesu da sauran unguwannin Tudun Wadan Zariya, waɗanda suka yi ta aiko tambaya a kan ciwon haƙori. Da yawanmu muna jure wannan ciwo cikin ɗaki, a ɗaure kunci da ɗankwali a ci gaba da girki, saboda tsoron kada a je asibiti a ce sai an cire. To 'yar'uwa, gyara zama, yau za mu warware kalmomin da likita ke faɗa.

Yaro yana da haƙoran nono 20, suna fara fitowa wajen wata 6. Babba kuma yana da 32. Kowane haƙori hawa uku ne. Akwai farin ɓawo na waje, wanda babu abin da ya kai shi tauri a jikin ɗan Adam. Ƙarƙashinsa akwai wani sashe mai ɗan laushi, can ciki kuma jijiya da hanyoyin jini. Dasashi da ƙashin muƙamuƙi su ke riƙe da saiwarsa.

Abin da muke kira tsutsar haƙori, ba tsutsa ba ce. Ƙwayoyin cuta ne da ke zaune cikin dattin da ke manne wa haƙori. Duk lokacin da kika sha zaƙi, su ma sun samu abinci, sai su fitar da wani tsami da ke cin farin ɓawon nan a hankali har ya yi kogo. Shi ya sa yaron da ke wuni yana tsotsar alawa, ko gullisuwa, ko lemon kwalba, ya fi shiga haɗari a kan wanda ya sha sau ɗaya bayan cin abinci.

Idan kogon bai kai jijiya ba, za ki riƙa jin tsami in kin sha ruwan sanyi. A wannan mataki likita zai ce za a yi ciko, wato a kankare wurin da ya ruɓe a toshe ramin, a zama ɗaya a gama. In kuwa kika bari har ciwon ya hana ki barci, yana zuga kamar ana buga ganga, ya kai jijiya ke nan. Duk da haka ba lallai a cire ba. Akwai aikin da ake cire jijiyar da ta lalace, a wanke cikin saiwar, a cike, haƙorin ya zauna a wurinsa. Sai dai ya fi ciko tsada, kuma yakan ɗauki zuwa biyu ko uku. Cirewa ita ce ta ƙarshe, in haƙori ya lalace ba gyara, kuma sai an yi allurar kashe zafi tukuna. Bayan an cire, ki cije audugar da aka sa miki kamar rabin awa, kada ki kurkure baki a ranar. Kashegari sai ki fara kurkurewa a hankali da ruwan ɗumi da gishiri.

Sai maganar wankin haƙori. Dattin da ya daɗe yakan daskare ya zama kamar dutse a gindin haƙora, buroshi ba ya fitar da shi, sai na'urar likita. Shi ke sa dasashi kumburi, da jini, da warin baki. In an bar shi yakan ci ƙashin da ke riƙe da haƙori har ya fara girgiɗa. Wasu na cewa wanki na raunana haƙori. A'a, ɓarnar da dattin ya riga ya yi ce ke bayyana. Mai ciwon suga ta ƙara kula, don ciwon dasashi ya fi tsananta gare ta.

Ke kuma mai juna biyu, in kin ga jini lokacin goge baki, canjin da ciki ke kawowa ne ke sa dasashi saurin kumbura. Kada ki daina gogewa, sai dai ki nemi buroshi mai laushi. Zancen wai jariri na zuƙe haƙoran uwa ba gaskiya ba ne. Mai ciki na iya ganin likitan haƙori, ta dai sanar da shi watannin cikinta.

Don Allah mu bar ɗiga ruwan batir ko fetur a kogon haƙori, ko danna ƙwayar asfirin a dasashi. Ƙone naman baki suke yi, ruɓar kuma tana nan. Kanumfari yakan ɗan rage zafi, amma ba ya toshe rami. In kunci ya kumbura har ya gangaro ƙarƙashin haɓa ko ya haura ido, ga zazzaɓi, ko baki ya ƙi buɗuwa, ko haɗiya da numfashi suna wuya, wannan ba na jiran gari ya waye ba ne. Mugunya ce ke yaɗuwa, tana iya kisa. A tafi asibiti ko da tsakar dare ne. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, wanda ya koma Shika a 2005, yana da sashen haƙori da aikin muƙamuƙi.

Mu dawo kan yara. Fitowar haƙori kan sa dalala da ƙaiƙayin dasashi, amma ba ta kawo gudawa mai yawa ko zazzaɓi mai zafi. Kada ki ce "ai haƙori ne" ki zauna, ki kai shi a duba. Kada mu manta da 2008, lokacin da maganin haƙorin yara mai suna My Pikin, wanda guba ta gurɓata, ya kashe yara aƙalla 84 a ƙasar nan, har da nan Zariya. Haka kuma wajen shekara 6 turmi na dindindin yakan fito a bayan haƙoran nono. Iyaye kan ɗauka zai faɗi ya sake fitowa, alhali in ya tafi ya tafi ke nan.

Akwai kuma zaizayar baki, wadda likitoci ke kira noma. Ta fi kama yara 'yan shekara 2 zuwa 6 masu tamowa, musamman bayan ƙyanda. Tana farawa da ɗan gyambo a dasashi da wari, cikin 'yan kwanaki ta huda kunci. In an kai yaro da wuri, magani na tsayar da ita. A Sakkwato akwai asibiti na musamman domin wannan ciwo tun 1999.

Rigakafin dai yana hannunki. Ki goge baki sau biyu a rana da makilin mai sinadarin fuloraid, musamman kafin barci, ki tofar kada ki kurkure. Yaro ƙasa da shekara 3 a sa masa kamar ƙwayar shinkafa, wanda ya haura haka kamar ƙwayar wake. Asuwaki sunna ne, kuma yana fitar da datti, a riƙe shi tare da buroshi. Gawayi da toka kuwa kankare farin ɓawon suke yi.

Daga ƙarshe uwargida, in kin fara jin tsamin nan, ki samu maigida cikin natsuwa ki nemi izinin zuwa asibiti, ki nuna masa kuɗin ciko yau ya fi sauƙi a kan jinyar kumburi gobe. Ku ma iyayenmu maza da ke saurare, a taimaka a bar su su je. Allah Ya ƙara mana lafiya. Sai mun haɗu a shiri na gaba, a huta lafiya.