Ƙwallon Kwando: Ina Makomar Ɗaliban Da Ba A Kira Sunansu Ba?

A daren Alhamis, 22 ga watan Yuni, 2023, ƙungiyoyin ƙwararrun 'yan wasan ƙwallon kwando na Amurka, waɗanda ke ƙarƙashin hukumar NBA, suka taru a unguwar Brooklyn ta birnin New York domin zaɓen sababbin 'yan wasa, kamar yadda suka saba kowace shekara. Aka kira sunayen samari 58 ɗaya bayan ɗaya, har aka tashi taro ba a ambaci Adama Sanogo ba. Shi kuwa wannan saurayi, mutumin ƙasar Mali, bai cika wata uku ba da jagorantar Jami'ar Connecticut ta ci kofin jami'o'in Amurka, inda ta doke San Diego State da 76 da 59, aka kuma ba shi lambar gwanin zagayen ƙarshe, alhali kuwa yana cikin azumin watan Ramalana.

Ba shi kaɗai abin ya shafa ba. Oscar Tshiebwe, mutumin Lubumbashi ta ƙasar Kwango, wanda a 2022 aka zaɓa gwarzon 'yan wasan jami'o'in Amurka baki ɗaya sa'ad da yake Jami'ar Kentucky, shi ma haka aka tashi ba a kira shi ba. Magoya bayan jami'o'in nan biyu sun ji zafin abin ƙwarai, suna tambaya yadda za a yi mutum ya fi kowa a makaranta, sa'an nan a zaɓi mutum 58 a bar shi.

A Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi ƙwallon ƙafa ce ke cika gidajen kallo, kuma ƙarfe takwas na dare a New York ya yi daidai da ƙarfe ɗaya na dare a Nijeriya, don haka masu bin wannan zaɓe a garuruwan nan ba su da yawa. Duk da haka al'amarin ya shafi kowane ɗalibi da ya ɗora burinsa a kan wasa, da iyayensa, da kuma ma'aikatan da aka ɗora wa alhakin kula da ilimi da wasanni.

Yadda Ake Zaɓen

Hukumar NBA tana da ƙungiyoyi 30, watau 29 a Amurka, ɗaya a Toronto ta ƙasar Kanada. Ana yin zaɓen zagaye biyu, kowace ƙungiya tana da gurbi ɗaya a kowane zagaye, gurabu 60 ke nan, sai dai a kan soke gurbin ƙungiyar da ta karya doka, shi ya sa aka sami 58 a 2023. Ƙungiyoyin da suka fi shan kaye a kakar da ta wuce su ake bai wa damar fara zaɓe, domin kada ƙarfi ya taru wuri guda. Wanda aka ɗauka a zagayen farko yana da tabbacin albashin shekara biyu, amma na zagaye na biyu sai yadda suka daidaita da ƙungiyar.

A da ƙofar ta fi haka faɗi. A 1984, shekarar da ƙungiyar Houston Rockets ta fara da kiran Hakeem Olajuwon, haifaffen Legas, kafin a kira Michael Jordan a na uku, zagaye goma aka yi, aka ɗauki mutum fiye da 200. Daga 1989 ne aka tsaya a kan zagaye biyu. Ga shi kuwa jami'o'in da ke rukunin farko kaɗai sun haura 350, ban da samarin Turai da Afirka da sauran sassan duniya waɗanda su ma ke neman gurabun nan. Ƙididdigar hukumar wasannin jami'o'in Amurka, watau NCAA, ta nuna cewa kimanin mutum ɗaya ne cikin ɗari na 'yan wasanta ake ɗauka. In dambu ya yi yawa ba ya jin mai.

Abin da ke ruɗa 'yan kallo shi ne ma'auninsu dabam, na ƙungiyoyin dabam. Ɗan kallo yana duban abin da ɗan wasa ya riga ya yi wa makarantarsa, ita kuwa ƙungiya tana lissafin abin da zai iya zama nan da shekara huɗu ko biyar. Saboda haka ta fi son yaro ɗan shekara 19 mai tsawo da sauri, ko da bai goge ba, a kan ɗan shekara 23 wanda take ganin ya kai iyakarsa. Bugu da ƙari salon wasan ya sake. Yanzu ana son dogon da zai iya jefawa daga nesa ya ci maki uku, ya kuma iya tsare gajere mai zafin nama a tsakiyar fili. Sanogo da Tshiebwe ƙarfinsu a gindin kwando yake, kuma wannan ne ya rage musu daraja a idon masu zaɓe.

Waɗanda Suka Shiga Ta Wata Ƙofa

Rashin jin suna a daren zaɓe ba ya rufe hanya gaba ɗaya. Wanda ba a ɗauka ba yana da 'yancin ƙulla yarjejeniya da duk ƙungiyar da ta neme shi, akwai gasar gwaji da ake yi a Las Vegas cikin watan Yuli, akwai kuma ƙaramar gasa mai suna G League. Tun 2017 aka fito da wata yarjejeniya mai ba ɗan wasa damar kaiwa da komowa tsakanin ƙaramar ƙungiya da babba. Ta nan Sanogo ya shiga Chicago Bulls, Tshiebwe kuma ya shiga Indiana Pacers.

Alal misali, Gabe Vincent, wanda ake kira Nnamdi, mahaifinsa ɗan Nijeriya ne. Ya ji ciwo a gwiwa yana jami'a a Santa Barbara, a 2018 kuma babu wanda ya ɗauke shi. Ya yi haƙuri a ƙaramar gasa, ya buga wa Nijeriya a gasar duniya ta 2019 a ƙasar Sin, kana Miami Heat ta ɗauke shi a farkon 2020. Ranar 10 ga watan Yuli, 2021, shi ne ya ci maki 21 sa'ad da Nijeriya ta doke Amurka da 90 da 87 a wasan share fage a Las Vegas. A 2023 ya buga wasan ƙarshe na NBA, daga nan Los Angeles Lakers ta ba shi yarjejeniyar dala miliyan 33 ta shekara uku. Haka nan Chamberlain Oguchi, wanda bai taɓa shiga NBA ba, shi ne gwarzon gasar Afirka ta 2015 a Tunisiya, wadda Nijeriya ta ci karo na farko.

Akwai kuma akasin haka. A 2006 Cleveland Cavaliers ta kira Ejike Ugboaja a lamba ta 55 kai tsaye daga ƙungiyar Union Bank ta Legas, abin da ya faranta wa 'yan Nijeriya rai matuƙa, amma bai taɓa buga mata wasan gasa ko ɗaya ba. A wasu ƙasashe ya yi sana'arsa, ya kuma wakilci Nijeriya a wasannin Olamfik na Landan a 2012.

Ɗan Zariya

Misalin da ya fi kusa da ɗaliban Arewa shi ne na Masai Ujiri. An haife shi a Ingila a 1970, amma a Zariya ya girma, a can kuma ya fara ƙwallon kwando yana ɗan shekara 13, a garin da Oliver Johnson, Ba'amurken nan mai horarwa a Jami'ar Ahmadu Bello, ya shafe shekaru masu yawa yana koya wa yara wasan. Ujiri ya tafi Amurka ya buga wa wata ƙaramar kwaleji a Bismarck, cikin Jihar North Dakota, amma babu ƙungiyar NBA da ta waiwaye shi. Ya yi kimanin shekara shida yana wasa a ƙananan ƙungiyoyin Turai, ya ajiye a 2002.

Daga nan ya shiga aikin farautar 'yan wasa wa Orlando Magic ba tare da albashi ba, yana biyan kuɗin tafiya daga aljihunsa. A 2010 ya zama babban manajan Denver Nuggets, ɗan Afirka na farko da ya riƙe irin wannan muƙami, a 2013 aka zaɓe shi gwarzon shugabannin ƙungiyoyi, a shekarar kuma ya koma Toronto Raptors. A 2016 ƙungiyarsa ta ɗauki Fred VanVleet, wanda ya tara 'yan'uwa da abokai a garinsu Rockford a daren zaɓe, aka ƙare ba a kira shi ba, dole ya miƙe ya yi musu jawabi. Bayan shekara uku, a 2019, Toronto ta ci kofin NBA, VanVleet yana cikin waɗanda suka ɗauki nauyin wasan ƙarshe. Ujiri ya bar Toronto a watan Yuni na 2025. Gidauniyarsa ta Giants of Africa, wadda aka kafa a 2003, ta yi alkawari a 2021 za ta gina filaye 100 a nahiyar Afirka.

Halin Da Ake Ciki A Gida

Ɗalibin Amurka da ba a kira ba, aƙalla an gan shi an auna shi. Na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙauran Namoda, wadda aka kafa a 1983, matsalarsa ta riga wannan, domin a Nijeriya babu wani tsarin zaɓe da ya haɗa makarantu da ƙungiyoyi. Akwai gasar NUGA ta jami'o'i, wadda aka fara a Ibadan a 1966, da NIPOGA ta kwalejojin fasaha, da NICEGA ta kwalejojin horon malamai, da kuma Bikin Wasanni na Ƙasa da aka fara a Legas a 1973, amma babu dokar da ta wajabta wa wata ƙungiya ɗaukar ko mutum ɗaya daga cikinsu. Galibi ana shiga ne ta hanyar gwaji, ko ta bakin mai horarwa da ya san yaro. Wanda yake nesa da Kano da Kaduna da Zariya da Jos, da wuya a san da shi.

Ga kuma maganar shekaru. Ɗalibin da ya yi shekara biyu a ƙaramar difloma, da shekara ɗaya ta sanin makamar aiki, da biyu a babbar difloma, sa'an nan ya yi hidimar ƙasa, ya ba shekara shida baya, watau ya wuce lokacin da ƙungiyoyin waje ke neman yaro.

Ita kanta gasar cikin gida ta sha wahala. Kano Pillars ta ci kofin ƙasa sau da dama, ta kuma zo ta uku a gasar ƙungiyoyin Afirka a Alƙahira a 2016. Amma a 2017 hukumar ƙwallon kwando ta ƙasa ta dare gida biyu, ɓangaren Tijjani Umar da na Musa Kida, gasar ta yi ta tsayawa, 'yan wasa suka zauna ba aiki. A watan Mayu na 2022 Gwamnatin Tarayya ta janye Nijeriya daga wasannin duniya na shekara biyu. Ko da yake an soke matakin bayan 'yan makonni, ƙungiyar mata ta riga ta rasa gurbinta a gasar duniya ta Sydney, aka bai wa Mali. Gasar BAL, wadda aka fara a Kigali a 2021, ta buɗe sabuwar ƙofa, Rivers Hoopers har ta zo ta uku a 2024, sai dai sai yaro ya shiga ƙungiyar gida tukuna kafin ya yi zancen ta.

A arewacin Zamfara rashin tsaro ya daɗa tsananta lamarin. A watan Satumba na 2021 an rufe makarantun jihar, an dakatar da kasuwannin mako, irin su ta Shinkafi mai ci ranar Alhamis, an kuma katse layukan waya. Hanyoyin da suka tashi daga Ƙauran Namoda zuwa Shinkafi da Zurmi sun sha fama da 'yan bindiga, kuma babu shugaban makarantar da zai so ya ɗora yaran mutane a mota saboda wasa alhali bai amince da hanya ba. Yaron da ya rasa shekarun sakandare ba tare da gasa ba, ya rasa lokacin da hannu ke faɗawa, icce kuwa tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Abin Da Ya Kamata A Yi

Ƙwallon kwando ba ta da tsada kamar yadda ake zato. Filinta mita 28 ne a tsaye, 15 a kwance, kwando kuma mita 3.05 daga ƙasa, kowane ɓangare mutum biyar. Daɓen siminti da ƙarafa biyu sun isa, ana kuma iya yin filin a cikin katangar makaranta, inda ya fi aminci. Ya kamata ƙananan hukumomin nan uku da ma'aikatar ilimi ta jiha su fara da fili ɗaya mai kyau a babbar sakandaren kowane gari, su tura malaman motsa jiki kwas a Zariya, su kuma maido da gasar gidaje a cikin makarantu, wadda ba ta bukatar tafiya. In hali ya yi, sai a riƙa tara zakarun a Ƙauran Namoda ko Gusau sau ɗaya a shekara, a gayyato masu horar da ƙungiyoyin Arewa su zo su gani da idonsu. Wajibi ne kuma a riƙa ajiye sunan kowane yaro da shekarunsa na gaskiya da sakamakon wasanninsa, domin mai nema daga nesa takarda da hoto yake fara tambaya.

Su kuma iyaye su yi hattara da dillalan da ke karɓar kuɗi da alkawarin kai yaro waje. Makarantar ƙwarai takardun jarrabawa take fara nema, kuma ɗalibin da bai ci darussansa ba, dokar NCAA ba ta barinsa ya taka fili komai tsawonsa.

Ga ɗalibai, lissafin a fili yake: in a Amurka mai dubban filaye mutum ɗaya ake ɗauka cikin ɗari, to, wanda ya jingine karatu a Ƙauran Namoda don jiran kira ya yi ganganci. Wasa yana bukatar masu horarwa, da alƙalai, da masu duba lafiyar 'yan wasa, da akantoci, da masu gina filaye, kuma duk waɗannan ta aji ake bi a kai gare su. Magoya baya kuma, maimakon su tsaya ga takaicin wanda ba a kira ba a New York, ya fi amfani su je su cika gefen fili ranar da makarantar garinsu ke wasa, su kuma tambayi kansilolinsu da shugabannin ƙananan hukumominsu nawa aka ware wa wasanni a kasafin kuɗi, da kuma inda aka kashe shi.