Ƙawancen Soji da Abokan Hulɗarsa: Abin da Ya Kamata Mu Sani a Kudancin Kano

Tun bayan juyin mulkin da aka yi a Jamhuriyar Nijar a watan Yulin 2023, maganar ƙawancen soji ta bar zauren masana ta shigo bakin kowa. A rediyo da Facebook da WhatsApp muna jin an kori sojojin Faransa, an rufe sansanin Amurka, an kafa sabon ƙawance a Sahel, wasu kuma na cewa za a kawo sansanin wata ƙasa arewacin Najeriya. Mu mutanen Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa muna da dalilin kasa kunne, domin muna maƙwabtaka da Dajin Falgore, kuma mun san abin da rashin tsaro ke yi wa noma da kiwo da tafiye-tafiye. Sai dai yawancin ruɗanin da ake samu a wannan batu ya samo asali ne daga rashin bambance abu biyu: zama mamba a ƙawancen soji, da zama abokin hulɗarsa kawai.

Ƙawancen soji yarjejeniya ce da ƙasashe ke sanya wa hannu, inda kowacce ta yi alkawarin cewa idan an kai wa ɗaya hari, sauran za su kawo mata ɗauki. Mafi shahara ita ce ƙungiyar tsaro ta NATO, wadda ƙasashe 12 suka kafa a birnin Washington a ranar 4 ga Afrilun 1949, kuma yanzu tana da mambobi 32 bayan shigar Finland a 2023 da Sweden a 2024. Ƙashin bayanta shi ne sashe na 5 na yarjejeniyar, wanda ya ɗauki hari a kan mamba ɗaya a matsayin hari a kan duka. Sau ɗaya tak aka taɓa aiki da wannan sashe, bayan harin 11 ga Satumban 2001 a Amurka. A da akwai kishiyarta, ƙawancen Warsaw na Tarayyar Sobiyet, wanda ya rayu daga 1955 zuwa 1991. Kusa da mu kuwa, Mali da Burkina Faso da Nijar sun sanya hannu a kan irin wannan alkawari a ranar 16 ga Satumban 2023, suka kafa ƙawancen ƙasashen Sahel da ake kira AES.

Abokin hulɗa kuma daban ne. Ƙasa ce da ba ta cikin ƙawancen, amma an yi da ita za a riƙa aiki tare a wasu fannoni da aka iyakance: horas da sojoji, atisayen haɗin gwiwa, musayar bayanan sirri, sayar da kayan yaƙi, ko ba da shawara. NATO ta buɗe irin wannan ƙofa a 1994 ga ƙasashen gabashin Turai da na tsohuwar Tarayyar Sobiyet. A shekarar ce kuma ta fara wani tsarin tattaunawa da ƙasashen kudancin tekun Bahar Rum, wanda a yau ya ƙunshi Masar da Maroko da Tunisiya da Aljeriya da Mauritaniya da Jordan da Isra'ila. A 2004 ta ƙara wani da Kuwait da Bahrain da Katar da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa. Ƙasashen da ke matsayin abokan hulɗa suna zama da NATO, suna atisaye da ita, amma babu ko ɗaya da sashe na 5 ya rufa wa baya. Lamarin kamar adashe ne: wanda ke zubi shi ke da ranar kwasa, wanda ba ya zubi kuwa ana iya ranta masa idan an ga dama, amma ba shi da haƙƙin cewa yau ranarsa ce.

Duniya ta ga wannan bambanci ƙarara a kan Ukraine. Ta kasance abokiyar hulɗar NATO tun 1994, sojojinta sun yi aiki tare da na ƙungiyar a wurare da dama. Da Rasha ta afka mata a watan Fabrairun 2022, ƙasashen ƙungiyar sun ba ta makamai da kuɗi da horo, amma ba su tura sojojinsu su yi mata yaƙi ba, saboda ba mamba ba ce. Wannan shi ne abin da ya sa Finland da Sweden, waɗanda suka daɗe suna hulɗa daga waje, suka nemi shiga ciki gaba ɗaya.

Najeriya ba mamba ba ce a NATO, kuma ba ta cikin waɗancan tsare-tsare na abokan hulɗa da aka lissafa. Abin da take da shi yarjejeniyoyi ne tsakaninta da ƙasashe ɗaiɗai, da kuma haɗin gwiwa da maƙwabta. A 2018 ta sanya hannu a kan yarjejeniyar tsaro da Birtaniya, wadda jami'anta suka daɗe suna taimakawa wajen horas da sojojinmu. Daga Amurka ta sayi jiragen yaƙi 12 samfurin Super Tucano da suka iso a 2021, da kuɗinta, kusan dala miliyan 500. A yankin Tafkin Chadi akwai rundunar haɗin gwiwa mai hedikwata a Njamena, wadda aka farfaɗo da ita a 2015 domin yaƙar Boko Haram, da sojojin Najeriya da Nijar da Chadi da Kamaru da gudummawar Benin. Nijar ta sanar da ficewarta daga rundunar a watan Maris na 2025. Kafin nan, Najeriya ce ta ɗauki mafi nauyin rundunar ECOMOG ta ƙasashen Afirka ta Yamma da ta shiga Laberiya a 1990, daga baya kuma Saliyo.

Taka-tsantsan a wannan fage tsohuwar ɗabi'ar ƙasar nan ce. A 1960 gwamnatin Sir Abubakar Tafawa Balewa ta ƙulla yarjejeniyar tsaro da Birtaniya, amma ɗalibai da 'yan adawa suka tashi tsaye suna cewa za ta tauye 'yancin da aka samu, har aka soke ta a watan Janairun 1962. A 2007, zamanin Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa, Najeriya ta ce ba za ta karɓi baƙuncin hedikwatar rundunar Amurka mai kula da Afirka ba, kuma har yau hedikwatar tana birnin Stuttgart na Jamus. A watan Agustan 2023 ma, lokacin da ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ECOWAS, ke barazanar amfani da ƙarfi a kan Nijar, Majalisar Dattawa ta nemi a bi hanyar sulhu, malaman addini kuma suka tafi Yamai domin shiga tsakani. A waɗannan lokuta uku, muryar jama'a ta yi tasiri a kan abin da gwamnati ta yanke.

Hulɗar tsaro tana da amfani na gaske, kuma bai kamata mu raina shi ba. Ɓarayin daji da masu tayar da ƙayar baya ba sa mutunta iyakar ƙasa, don haka ƙasa ɗaya ba za ta iya bin sawunsu ita kaɗai ba. Akwai kayan aiki da ba mu ƙera su a nan, kamar jiragen leƙen asiri da hotunan tauraron ɗan'adam, akwai kuma ƙwarewa irin ta kwance bama-bamai da jinyar waɗanda suka ji rauni a fagen fama. Sojan da ya samu horo mai kyau yana iya zama wanda gobe za a turo ya tsare hanyar da ta tashi daga Kwanar Dangora ta ratsa Tudun Wada da Falgore zuwa Jos.

Haka kuma tana da iyaka da haɗari. Na farko, kowace ƙasa muradinta take karewa, kuma taimakonta yakan zo da sharaɗi. A 2014, ana tsakiyar yaƙi da Boko Haram, Amurka ta hana a sayar wa Najeriya jirage masu saukar ungulu samfurin Cobra, tana mai nuna damuwa a kan yadda ake kare fararen hula. Na biyu, abokin hulɗa yana iya tafiya. Sojojin Faransa sun kammala ficewa daga Nijar a watan Disamban 2023, na Amurka kuma sun bar sansanoninsu na Yamai da Agadas a 2024. Na uku, matakin da ƙawance ya ɗauka a wata ƙasa mai nisa yana iya dawowa kanmu. Bayan hare-haren NATO a Libiya a 2011 da faɗuwar gwamnatin Gaddafi, rumbunan makamai sun buɗe, makaman suka kwararo Sahel, arewacin Mali ya kama da wuta a 2012, kuma yankin bai huce ba har yau. Ba Libiya ce kaɗai tushen bindigogin da ke hannun ɓarayin dajinmu ba, amma ta ƙara wa wutar itace.

Idan muka juyo gida, Falgore ya isa misali. Daji ne mai faɗin fiye da murabba'in kilomita 900, ya shafi Doguwa da Tudun Wada da Sumaila, yana kuma kusa da dazuzzukan jihohin Kaduna da Bauchi. Kogin Kano yana ratsa shi kafin ya zuba a madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a 1974, kuma ita ke shayar da noman rani na Kadawa da Kura. An yi shekaru ɓarayin shanu da masu garkuwa da mutane suna fakewa a cikinsa, har matafiya suna fargabar ratsa shi da dare. A 2017 rundunar sojan ƙasa ta gudanar da atisayen Harbin Kunama na biyu wanda ya haɗa da Falgore, aka kuma mayar da wani ɓangare na dajin filin horas da sojoji tare da goyon bayan gwamnatin Kano. Sauƙin da aka samu ya zo ne daga sojoji da 'yan sandan ƙasar nan, da 'yan sintiri da mafarauta, da masu unguwanni da dagatai da arɗo-arɗo waɗanda suka san kowane burtali da kowane mashayi. Babu wata yarjejeniya ta ƙasa da ƙasa da za ta maye gurbin wannan sani. Hausawa na cewa kayan aro ba ya rufe katara.

To mene ne namu a ciki? Abu na farko shi ne tantance labari kafin yaɗa shi. A watan Mayun 2024 wasu dattawa da masana na arewa sun rubuta wa gwamnati wasiƙa suna gargaɗi kada a yarda a dawo da sansanonin Amurka da Faransa Najeriya, gwamnati ta ce babu wannan shiri. A watan Disamban shekarar shugaban mulkin sojan Nijar, Janar Abdourahamane Tiani, ya zargi Najeriya da haɗa baki da Faransa, ita kuma ta musanta. Damuwar jama'a a kan irin waɗannan batutuwa halas ce. Amma hoton baturen soja da aka tura a waya, ba tare da an san inda ko yaushe aka ɗauke shi ba, bai isa hujja ba. Mu duba ko kafar labarai da aka sani ta ɗauko zancen, ko akwai wanda ya fito da sunansa ya faɗa. Mu kuma tuna cewa manyan ƙasashen da ke gasar neman gindin zama a Sahel duk suna da masu yi musu farfaganda a intanet.

Abu na biyu shi ne mu yi tambaya ta hanyar da doka ta tanada. Sashe na 12 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce yarjejeniyar da aka ƙulla da wata ƙasa ba ta zama doka a Najeriya sai Majalisar Dokoki ta Ƙasa ta amince da ita. Sashe na 5 kuma ya ba Majalisar Dattawa hurumi a kan tura sojojinmu yaƙi a waje. Muna da ɗan majalisar wakilai na Kiru da Bebeji, da na Tudun Wada da Doguwa, da sanatan Kano ta Kudu. Duk lokacin da aka ji an ƙulla wata hulɗar tsaro, haƙƙinmu ne mu tambaye su: me za a ba mu, me za mu bayar, shekara nawa za ta yi, wa ke ba da umarni idan ana aiki a ƙasarmu, kuma wa zai ɗauki alhaki idan aka taɓa farar hula bisa kuskure? Malaman makaranta da limamai da ƙungiyoyin matasa da na manoma za su iya ɗaukar waɗannan tambayoyi zuwa taron mazaɓa ko shirye-shiryen rediyo.

Abu na uku shi ne mu riƙe ɓangaren tsaron da ke hannunmu. Baƙon da ya sauka a unguwa a sanar da mai unguwa. Wanda aka ga yana jigilar man fetur ko buhunan abinci zuwa cikin daji ba bisa al'ada ba, a kai rahotonsa ga dagaci ko ofishin 'yan sanda mafi kusa, a ɓoye sunan mai ba da labarin. Kada mu sayi dabbar da ba a san asalinta ba don arha. Saɓanin manomi da makiyayi a kan gona ko burtali a kai shi gaban hakimi da arɗo tun yana ƙarami, domin sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. 'Yan sintiri kuma su miƙa wanda suka kama ga hukuma, kada su ɗauki doka a hannunsu, kada kuma a yi wa wata ƙabila kuɗin goro saboda laifin wasu tsiraru. Haka nan 'yan'uwanmu 'yan Nijar da ke kasuwanci ko ƙwadago a garuruwanmu ba su ne suka ƙulla ko suka warware wata yarjejeniya ba, zumuncinmu da su ya girmi ECOWAS da AES baki ɗaya.

Ƙasa tana iya amfana da abokan hulɗa matuƙar ta san abin da take nema a wurinsu, ta kuma bayyana wa jama'arta sharuɗɗan da ta amince da su. Aikinmu shi ne mu fahimci waɗannan sharuɗɗa, mu matsa wa wakilanmu su yi mana bayaninsu, mu kuma ba jami'an tsaron da ke tare da mu haɗin kan da aikinsu ke buƙata. Allah ya zaunar da yankinmu da ƙasarmu lafiya.