Kalma Ɗaya ta Turanci: Daga Ragar Ƙwallo Zuwa Bam ɗin Nukiliya

Kalmar nan ta Turanci *clean*, wadda bakin Bahaushe ya lanƙwasa ta koma "kilin", ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Ita ta haifa mana kilina mai goge-goge a asibiti, ita ce kuma a jikin ledar garin sabulun So Klin, wanda asalinsa na wani kamfanin Indunisiya ne. A makaranta an ce mana ma'anarta "mai tsafta", aka rufe littafi. Masu harshen kuwa sun daɗe suna aiken ta wuraren da babu ruwa babu sabulu.

'Yar'uwarta ta jini a Jamusanci ita ce *klein*, amma a can ma'anarta "ƙarami". Masu bin asalin kalmomi na ganin tushen yana nufin abu mai ƙyalli kuma siriri. Jamusawa suka riƙe sirantakar, Turawan Ingila suka tafi da ƙyallin.

Bature kan jefa *clean* cikin magana da ma'anar "kwata-kwata", musamman idan zai ce ya manta shaf. Wannan bai kamata ya ba mu mamaki ba, tunda mu ma riga tana wankuwa tas, tuwo kuma yana ƙarewa tas.

A filin ƙwallo, golan da aka tashi wasa ba a zura masa ko ɗaya ba sai a ce ya fita da *clean sheet*, wato takarda fara sol. An ce daga takardar da 'yan jarida ke rubuta cin kowace ƙungiya maganar ta samo asali. Petr Cech ne sarkin wannan a gasar Firimiya ta Ingila: sau 202 ya yi, tsakanin Chelsea da Arsenal. Amma labarin da ya fi taɓa mu shi ne na Vincent Enyeama. A 2013, yana tsaron ragar Lille a Faransa, ya yi wasa 11 a jere ƙwallo ba ta shiga ragarsa ba, minti 1,062 ke nan. Minti 114 kacal suka rage masa ya kamo tarihin da Gaetan Huard ya kafa a Bordeaux, sai aka ci shi. Wa ya ci shi? Bordeaux. Ƙwallon ma sai da ta bugi ɗan bayan Lille ta canza hanya sannan ta wuce shi. Ƙaddara ta riga fata.

Masu ɗaga ƙarfe su ma suna da nasu. Fizgo ƙarfe daga ƙasa zuwa kafaɗa a motsi ɗaya shi suke kira da wannan kalma, domin a da akwai masu jawo shi sannu-sannu suna ɗora shi a kan ciki ko ɗamara kafin ya kai sama. Lasha Talakhadze na ƙasar Jojiya ya yi haka da kilo 267 a Tashkent a 2021, ya kuma cilla shi sama da kansa. Buhun shinkafa biyar masu kilo 50 ke nan, har da ragowa.

Idan likitan Ingila ya gama duba mutum bai ga komai ba, akan ce ya ba shi "tsaftatacciyar takardar lafiya". Asalin takardar ta jirgin ruwa ce, ba ta mutum ba. A zamanin annoba, hukumar tashar da jirgi zai baro ita ke rubuta shaidar cewa babu cuta mai yaɗuwa a garin. Wanda ya zo da takarda "mai datti" sai ya yi zaman jira nesa da gaɓa, a birnin Banis na Italiya har kwana 40.

Lauyoyi kuwa hannu suke dubawa. Tsohuwar ƙa'ida ce a shari'ar Ingila, wadda kotunan Nijeriya suka gada, cewa mai neman kotu ta yi masa adalci ya zo da hannu mai tsafta. Misalin da ake yawan bayarwa ya faru a 1725. Wani ɗan fashi mai suna John Everet ya maka abokin sana'arsa Joseph Williams a kotu, wai ya cuce shi wajen rabon abin da suka "samo" a kan hanyoyin wajen Landan. Kotu ta yi fatali da ƙarar, ta ci lauyoyin da suka kawo ta tarar fam 50 kowanne. Daga baya duka 'yan fashin biyu an rataye su, kowa da ranarsa.

Wannan magana ta hannu ita ce ta zama sunan binciken da ya rusa siyasar Italiya, wanda jaridun Turanci suka yaɗa da sunan "Hannaye Masu Tsafta". Ranar 17 ga Fabrairu, 1992, mai gabatar da ƙara Antonio Di Pietro ya sa aka cafke Mario Chiesa, shugaban wani gidan kula da tsofaffi a Milan, yana karɓar cin hancin lira miliyan 7. Ga abin dariyar: wanda ya kawo kuɗin mai kamfanin share-share da goge-goge ne da ya gaji da biyan toshiya kafin ya samu kwangila. Shugaban jam'iyyar su Chiesa, Bettino Craxi, tsohon firaminista, ya fito ya nuna cewa wannan ɗan ƙaramin ɓarawo ne, jam'iyya ba ruwanta. Chiesa ya ji haushi a kurkuku, ya buɗe baki. Kafin shekara uku manyan jam'iyyun da suka mulki ƙasar tun bayan Yaƙin Duniya na Biyu sun wargaje, shi Craxi kuma ya tsere Tunisiya, a can ya mutu a 2000. Ni dai a duk labaran nan babu wanda ya kai wannan daɗi a wurina.

Ɗan wasan da ba ya shan ƙwayar ƙarin kuzari ma da wannan kalma ake yabon sa. Lance Armstrong ya lashe tseren keke na Faransa sau 7 a jere, daga 1999 zuwa 2005, yana rantsuwa jininsa fes yake. A 2012 aka ƙwace kambun duka. A Janairun 2013 ya zauna gaban Oprah Winfrey ya amsa laifinsa, abin da Turawa ke kira *come clean*. Kalma ɗaya ta yi masa ƙarya, ita kuma ta yi masa tuba.

A New Zealand tun 2004 akwai dokar da ake kira "gogaggen allo": mai ƙaramin laifi da bai taɓa shiga gidan yari ba, idan ya yi shekara 7 bai sake ba, sai a ɓoye tarihin laifinsa.

Akwai wurin da Hausa ta fi Turanci zurfi. Mu mun raba tsafta da tsarki. Ƙasa tana ɓata riga amma ana taimama da ita. Riga kuma tana iya fita daga hannun mai guga fes, ɗigon najasa ya hana salla da ita. Turancin Baibul na Sarki James, na 1611, kalma ɗaya ya yi wa duka biyun, shi ya sa raƙumi da alade a cikinsa suka zama dabbobi "marasa tsafta", ko da yanzu aka yi musu wanka.

Wankin da Turawa ke kira "busasshe" ba busasshe ba ne. Tsoma kayan ake yi tsamo-tsamo, sai dai cikin wani ruwan sinadari maimakon ruwa. Wani tela a New York, Thomas Jennings, ya yi rajistar wata dabarar irin wannan wanki a 1821, kuma shi ake ɗauka baƙar fatan Amurka na farko da ya samu takardar mallakar ƙirƙira. Idan kuma Bature ya ce an kai wane wurin masu wanki, yana nufin an yi masa ƙarƙaf. Samarin Kano da ke cewa an wanke gara ba za su nemi tafinta ba.

Daga nan kalmar ta fara ban tsoro. A shekarun 1950 jami'an Amurka suka shiga tallar bam ɗin nukiliya "mai tsafta", wato wanda ƙurarsa mai guba ba ta da yawa idan aka gwada da ƙarfinsa. A wannan ma'auni, ɗaya daga cikin mafiya tsafta shi ne mafi girma da aka taɓa fasawa: wanda Tarayyar Sobiyet ta gwada a tsibirin Novaya Zemlya ranar 30 ga Oktoba, 1961, mai ƙarfin megaton 50, ya ninka na Hiroshima fiye da sau 3,000. A farkon shekarun 1990 kuma, daga yaƙin Yugoslabiya, Turanci ya ari wata magana da ke nufin "tsaftace wuri daga wata ƙabila". A Srebrenica, a Yulin 1995, ma'anarta ita ce kisan Musulmin Bosniya maza da yara maza kimanin 8,000. Mai faɗin kalmar shi ke zaɓar abin da zai kira datti.

Inda ake auna tsafta da lissafi shi ne ɗakin da ake ƙera ƙwaƙwalwar kwamfuta da kumbon sama. Willis Whitfield na cibiyar Sandia a Amurka ne ya fito da tsarinsa a farkon shekarun 1960: iska tatacciya tana kwarara ta fuska ɗaya ba tsayawa, tana kwashe ƙura. Iskar ɗaki na yau da kullum tana ɗauke da ƙwayoyin ƙura kimanin miliyan 35 a kowace mita ɗaya tsawo, faɗi da zurfi. A ɗaki mai daraja ta 5 ba a yarda su wuce 3,520 ba, kuma babban mai kawo dattin shi ne ma'aikacin kansa, da gashinsa da fatarsa, shi ya sa ake naɗe shi ruf. Duk da haka, a 2013 masana suka sanar da wata sabuwar ƙwayar bakteriya da a lokacin ba a taɓa gani ko'ina ba sai a irin waɗannan ɗakuna guda biyu, ɗaya a cibiyar Kennedy ta Florida, ɗaya a Kourou ta Gayanar Faransa, tsakaninsu kilomita kusan 4,000. Goge-gogen ya kashe abokan gogayyarta, ita ta jure. Suka raɗa mata suna *Tersicoccus phoenicis*, kuma rabin farko na sunan daga kalmar Latin ta "mai tsafta" aka ɗauko shi.