Allon Neon Ya Mutu: Laifin Taransifoma Ne?

Allunan neon da suka ƙawata Las Vegas ta Amurka sun dogara ne da taransifoma mai ɗaga wuta daga volt 120 zuwa dubbai, wani lokaci har 15,000, kafin iskar cikin bututun gilashin ta haska.

Idan allo ya fara ƙyaftawa, gwanaye ba sa gaggawar zargin taransifoma, domin sau da yawa bututu ne ya tsage ko waya ta ƙone. Sukan kashe wuta, su haɗa taransifomar da lafiyayyen bututu, sannan su kunna. In bai kama ba, ko kwalta na tsiyaya daga jikinta, to ta tashi aiki.

In za a sauya taransifoma, dole sabuwar ta dace da tsawon bututun da kaurinsa. Wanda bai ƙware ba kada ya taɓa.