Ina Za A Tsare Karen Da Ya Yi Cizo?

A Ɗankaza, ɗaya daga cikin mazaɓu goma na Ƙaramar Hukumar Wudil, ba a ajiye kare don ƙawa, kamar dai sauran ƙauyukan ƙasar Kano. Masu shi su ne mafarauta, da makiyaya, da manoman da ke bukatar mai gadi, kuma waɗannan su ne dalilai ukun da malamai suka yarda a riƙi kare saboda su. Amma ranar da kare ya ciji yaro, hukuncin da akan yanke masa a karkara kusan ɗaya ne: samari su fito da sanduna, a kashe shi, a jefar da mushen a bayan gari.

Likitocin dabbobi suna ganin wannan gaggawa kuskure ce, domin kuwa an kashe shaidar da za ta nuna ko yaron yana cikin haɗari. Ƙwayar cutar haukan kare ba ta sauka cikin yawunsa sai ciwon ya kusa bayyana. Saboda haka idan aka tsare shi kwana 10 cif, aka ga yana ci yana sha lafiya lau, to ba ya ɗauke da cutar a yawunsa ran da ya yi cizon. In kuwa mahaukaci ne, alamu za su fito a cikin kwanakin nan, galibi ma ya mutu.

Amma fa tsare kare ba dalilin zama a gida ba ne ga wanda aka ciza. Abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara shi ne a wanke raunin nan take da ruwa da sabulu har tsawon minti 15, sa'an nan a garzaya asibiti a fara allura, ba tare da jiran sakamakon kare ba. Likita ne zai iya dakatar da sauran alluran in kwana goman ya cika kare na nan garau. Hukumar ta ƙiyasta cewa cutar tana kashe mutum wajen 59,000 a kowace shekara, akasarinsu a Afirka da Asiya, kuma kimanin kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Cutar kan yi wata biyu ko uku kwance a jiki, rauni ya warke, iyaye su manta. Da zarar tsoron ruwa ya bayyana kuwa, da wuya ƙwarai a tashi.

To, a ina za a tsare shi? A ƙasashen Turai akwai gidajen ajiyar karnuka masu lasisi, inda kowane kare ke da ɗakinsa, ba a kuma karɓarsa sai da takardar rigakafi. Ingila ma ta daɗe tana killace duk karen da aka shigo da shi har wata shida, sai a 2000 ta fara sassauta dokar. A ƙauye kuwa, abin da ake da shi turke ne da igiya a gindin bishiya, inda yara ke wasa, awaki ke giftawa. Nan ne cizo na biyu yakan faru.

Duk da haka, ƙa'idojin waɗancan gidaje ba su fi ƙarfin magidanci ba. Sarƙa ta fi igiya, domin kare yakan tauna igiya ya tsinke. Wurin ya zama ɗaki ko shinge mai ƙofa, nesa da sauran dabbobi, kuma lalle da inuwa da ruwa, musamman da bazara, tun da yake kare ba ya gumi irin na mutum, da haki yake rage zafin jikinsa. Mutum ɗaya baligi, wanda karen ya saba da shi, shi ne zai riƙa kula da shi, ya tura kwanon abinci da sanda, kada ya miƙa hannu. Ba a zura wa kare ido, ba a sunkuya a kansa, ba a taɓa shi yana ci, balle karya mai shayarwa. In ya zama dole a riƙe shi, ma'aikatan dabbobi sukan zura igiya a cikin bututun ƙarfe su yi zarge a bakinsa, yadda za a kama wuya daga nesa. Takunkumi kuwa da ƙyalle mai ƙwari ake yi: a zagaye baki, a ɗaure, a kai ƙarshensa bayan kunnuwa. Ba a barinsa fiye da 'yan mintoci, kada zafi ya kashe shi.

Akwai wani tarko da ya kamata ɗalibai su kai labarinsa gida. Ba kowane mahaukacin kare ne ke gudu yana cizon abin da ya tarar ba. Wani yakan yi laƙwas, muƙamuƙinsa ya saki, yawu na dalala, har mai shi ya zaci ƙashi ne ya maƙale masa, ya sa hannu zai ciro. Yawun nan in ya taɓa 'yar tsaga a yatsa, ya isa.

Idan kare ya mutu a tsare, ko alamu suka tilasta a kashe shi, kada a fasa kan, domin a ƙwaƙwalwa ake gano cutar. Malamin dabbobi ne zai yanke shi ya aika ɗakin bincike, irin na Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato, wadda aka kafa a 1924, kuma take yin allurar rigakafin karnuka. Akan fara yi wa kwikwiyo yana da wata uku, a maimaita duk shekara, kuma masana sun tabbatar cewa in aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan yanki, cutar takan daina yaɗuwa.

Wudil gari ne da dubban shanu ke shiga kararsa kowace Juma'a, don haka ma'aikatan dabbobi ba baƙi ba ne a wurin. Ɗaki biyu na bulo da ƙofar ƙarfe a kusa da ofishinsu, da littafin rubuta sunan mai kare da ranar cizo, ba za su gagari sashen aikin gona na ƙaramar hukuma ba. In aka samu haka, dagaci ko mai unguwa zai san inda zai tura kare da mai shi, kafin samari su ɗauko sanduna.