Ƙunshin manhajojin zane da makomar haruffa masu lanƙwasa

Kwanakin baya wani ɗan'uwa ya aiko mini da katin ɗaurin auren 'yarsa da za a yi a Fammar, cikin ƙaramar hukumar Kibiya. Katin ya sha ado, ga furanni ga ruwan zinare. Sai dai a inda aka jera sunayen dattawan da za su halarta, an rubuta "Manyan Baki". Baƙi ake nufi, amma lanƙwasar da ke kan harafin ta faɗi, aka wayi gari an yi wa dattawa ba'a da kuɗinsu.

Da na je bikin sai na ratsa ta Rano, na nemi shagon da aka tsara katin. Na tarar da wani matashi mai ladabi a gaban tsohuwar kwamfuta. Na ce masa, "Samari, ina ƙugiyar baƙi ta tafi?" Ya yi murmushi ya ce, "Ranka ya daɗe Malam, na san da ita. Zubin haruffan da ango ya zaɓa ne ba shi da ita, in na sa sai ta fito kamar akwati." Ya nuna mini jerin zubin haruffa sama da ɗari da suka zo masa a dunƙule tare da manhajar. Muka gwada masu ado ɗaya bayan ɗaya har muka gaji, ba mu dace da mai ƙ ko ɗ ba.

Wannan ne ya sa na waiwayi yadda ake sayar da kayan aikin masu zane da ɗab'i. A da, kowace manhaja zaman kanta take yi. PageMaker, wadda kamfanin Aldus ya fitar a 1985, aikinta tsara shafi ne kawai, kuma maɗaba'u da dama a Kano da Zariya da ita suka saba. Adobe ya sayi Aldus a 1994. A 2003 sai ya haɗa Photoshop da Illustrator da InDesign cikin ƙunshi guda mai suna Creative Suite, aka bar PageMaker ta tsufa ba gyara. A 2005 ya haɗiye Macromedia, daga nan FreeHand, kishiyar Illustrator, ta bi sahu. A 2013 kuma kamfanin ya sanar da cewa sababbin fitowa ba za a sake sayar da su dungurungum ba, sai dai haya ta intanet, wata-wata ko shekara-shekara, da sunan Creative Cloud.

Ba na musun amfanin ƙunshi. Mai aikin mujalla yana gyara hoto a nan, ya zana tambari a can, ya zuba su a shafi ba tare da wani ya ƙi karɓar wani ba, kuma farashin ƙunshi bai kai na sayen ɗaiɗaiku ba. To amma wa aka auna da wannan riga? Manomin Fammar in laujensa ya karye, lauje zai saya a wurin maƙeri. Ba wanda zai ce masa sai ya haɗa da garma da galma da gatari, balle a ce duk wata ya zo ya biya ko a karɓe. Mai shago a Rano katin biki yake bugawa, da kalandar Islamiyya, da fostar 'yan siyasa in kakarsu ta zo. Ana iya yin hayar manhaja ɗaya, gaskiya ne, sai dai an tsara farashin yadda mai buƙatar biyu ko uku zai ga gara ya ɗauki duka. Ga shi kuɗin da dala ake ƙiyasta shi, kuma tun da aka saki darajar naira a 2023 kowa ya san inda aka kwana. Shi ya sa galibin shagunanmu suka rungumi CorelDRAW, wadda ita ma ƙunshi ce, sau da yawa tsohon kwafi da ba a san asalinsa ba.

Abin da ya fi damuna a matsayina na mai nazarin harshe shi ne, ƙunshi ba kayan aiki kaɗai yake ɗauke da su ba, har da zaɓi. Abin da ya zo a ciki shi ne ya zama al'ada, wanda bai zo ba kuwa sai mai naci. Haruffan ɓ da ɗ da ƙ suna cikin tsarin Unicode tun farkon shekarun 1990, saboda haka kwamfuta ba ta jahilce su ba. Masu ƙera zubin haruffa na ado ne ba su ga kasuwa a cikinsu ba. Yaron da ya shekara goma yana ganin "kasa" a allon talla a maimakon "ƙasa" zai ɗauka haka ake rubutawa, kuma ina ganin sakamakon a takardun jarrabawar ɗalibaina.

Hasali ma, duk ci gaban da aka samu a nan daga wajen ƙunshi ya zo. Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya samar da zubin Rabi'at da Abdalla masu ƙugiya tun a shekarun 1990. Cibiyar SIL ta fitar da Alkalami a 2017, mai kwaikwayon rubutun ajamin Kano, kuma kyauta ne. Akwai manhajojin kyauta irin su Inkscape da GIMP da Scribus, waɗanda ba sa neman ko sisi. Me zai hana sassan Hausa na jami'o'inmu su tattara waɗannan, tare da zubin haruffa masu ado da ke da lanƙwasa, su yi namu ƙunshin, a raba wa ƙungiyoyin masu ɗab'i? Aikin bai fi ƙarfin ɗaliban digiri na biyu ba.

Kafin in bar shagon na saka wa matashin zubi uku masu ƙugiya daga kwamfutata. Ya gwada, "baƙi" ta fito daidai. Ya daɗe yana kallon allon, sannan ya ce, "Malam, sun yi kyau, amma amare ba za su zaɓe su ba. Ba su da kwalliya."