Ƙoton Fatsa Daga Gashin Zabo da Makwarwa

Gabatarwa

Ɗan'uwa manomi, idan kana zaune a Ali Kazaure ko wata unguwa ta cikin garin Jos, ka san tarin gashin kaji da na zabi da masu figa ke zubarwa kullum. Idan kuma kana taɓa fatsa, ka san wahalar neman tana da rani, lokacin da ƙasa ta bushe, tana ta nutse can ƙasa. Wannan bayani zai nuna maka yadda za ka ɗaura gashin da ake zubarwa a jikin ƙugiya, ya zama ƙoto mai kama da ƙwaro, wanda ba ya ruɓewa, kuma ɗaya tak zai iya kama kifi da dama.

Asalin wannan dabara

Masu fatsa na arewacin Ingila da Sikotilan ne suka yi fice a kanta, wajen kama wani kifin ruwan sanyi da ake kira tirawut. W. C. Stewart ya yi bayaninta a littafinsa na 1857, sannan a 1885 T. E. Pritt ya fitar da littafi mai zanen irin wannan ƙoto fiye da kala 60 daga yankin Yokshaya. Wanda ya fi suna cikinsu shi ne mai zare ruwan lemo da gashin wata tsuntsuwa dangin makwarwarmu.

Sirrin abin yana cikin laushin gashin. Da zarar ya jiƙe, silin gashin kan riƙa buɗewa yana rufewa da motsin ruwa, tamkar ƙafafun ƙwaron da ya nutse, ko wanda ke tasowa daga ƙasan ruwa zai yi fiffike. Wannan motsi ne ke ruɗin kifi. Saboda haka gashin wuyan zakara bai dace ba, domin yana da tauri, yakan sa ƙugiya ta yi ta yawo a saman ruwa.

Wane kifi zai kama a wajenmu?

Tirawut ba kifin ruwayenmu ba ne. Yana bukatar ruwa mai gudu mai sanyi, kuma yakan galabaita idan zafin ruwa ya haura digiri 20. Duk da cewa Jos na bisa tudu mai tsayin kimanin mita 1,200, ruwanta kan ɗumama da bazara. A Afirka sai a wurare irin su tsaunukan Kenya, inda aka kai shi a 1905. A yau Kenya na cikin ƙasashen da suka shahara wajen ɗaura irin wannan ƙoto da hannu ana sayarwa Turai da Amurka.

Amma kifin da ke cin ƙwari muna da shi. Duk wanda ya ga yadda kifi ke rububin shinge da farkon damina ya shaida haka. Haƙar kuza da kamfanoni suka soma a farkon ƙarni na 20 ta bar kududdufai masu yawa a Rayfield da Bukuru da Barikin Ladi, kuma tun da aka kafa gonar kifi ta Panyam a farkon shekarun 1950 kiwon kifi ya samu gindin zama a Filato. Karfasa, musamman matsakaiciya, tana kai wa wannan ƙoto cafka, haka ma kawara a koguna. Tarwaɗa kuwa ta fi dogara da ƙanshi da gashin bakinta wajen neman abinci, don haka tana ko hanjin kaza sun fi mata.

Kayan aiki

Za ka bukaci ƙananan ƙugiyoyi masu lamba 10 zuwa 14. Ka tuna, yadda lamba ta ƙaru haka ƙugiya ke ƙanƙancewa. Sai siririn zaren ɗinki mai ƙarfi, ruwan lemo ko rawaya ko baƙi, da ɗan kakin zuma, da ƙaramin almakashi, da man farce marar launi. Domin riƙe ƙugiya, ka matse ta a bakin filaya, ka ɗaure hannun filayar da robar tayar keke, ka kafe ta a jikin benci.

Gashin da ya fi kyau shi ne ƙananan na wuya da ƙirji da baya na makwarwa, ko zabuwa, ko kazar gida. Ka wanke shi da sabulu da ruwan ɗumi, ka shanya a inuwa, ka adana cikin kwalba mai murfi saboda ƙwari.

Yadda ake ɗaurawa

1. Goga wa zare kaki domin ya kama ƙarfe. Fara naɗawa daga bayan idon ƙugiya, ka bar ɗan fili kaɗan.
2. Ci gaba da naɗi a jere, ba tare da barin giɓi ba, har daidai saitin tsinin ƙugiya, sannan ka dawo gaba. Wannan shi ne jikin ƙwaron, kuma siriri ake so.
3. Zaɓi gashin da tsawon silinsa bai wuce tsawon ƙugiyar da yawa ba. Tsige ɓurɓushin gindinsa. Idan na zabo ne, tsige gefe ɗaya gaba ɗaya, domin yana da kauri.
4. Shafa silin baya, ka ɗaure ƙarshen gashin a bayan idon ƙugiya da naɗi 3.
5. Kama gindin gashin ka zagaya ƙugiya da shi sau ɗaya da rabi ko sau 2, kana kwantar da silin baya da yatsa.
6. Danne da zare, yanke ragowar, yi ɗan kai ƙarami, ƙulla sau 3, ka ɗiga man farce a kan ƙullin.

Kuskuren da masu koyo suka fi yi shi ne cika gashi. Idan ya yi yawa yakan dunƙule, motsinsa ya mutu. Idan kana iya hango zaren jiki ta tsakanin silin, to ka yi daidai.

Yadda ake fatsa da shi

Nemi gora mai tsawon mita 3 zuwa 4, da siririn zaren fatsa mai kusan wannan tsawo. Jiƙa ƙoton kafin ka jefa domin ya nutse. A kududdufi, jefa kusa da ciyawar bakin ruwa, ka jira ya sauka kaɗan, sannan ka riƙa ɗaga gora sannu a hankali kana dakatawa. A rafi kuwa, jefa a karkace ka bar ruwa ya tafi da shi. Sassafe da gab da magariba sun fi, domin lokacin ne ƙwari ke fita.

Abubuwan kiyayewa

Kududdufan kuza na da zurfi, gaɓarsu kuma takan zabtare. Kada ka je kai kaɗai, kada ka tura yara. Nemi izinin mai wuri ko hukuma kafin ka yi fatsa a dam ko tafkin wani. Kada ka taɓa gashin tsuntsun da ya mutu da ciwo, domin murar tsuntsaye, wadda ta ɓulla a Nijeriya a 2006, tana yaɗuwa ta gashi da kashi. Ka kuma guji zuba guba irin su gamalin a ruwa. Dokar kamun kifi ta 1992 ta haramta haka, ga shi yana kashe manya da ƙanana, ya cutar da mutane da dabbobin da ke shan ruwan.

Kammalawa

Fara da ƙugiya 6, launi 3, biyu-biyu, ka lura da wanda kifin wurinku ya fi so da lokacin da ya fi ci. Idan hannunka ya faɗa, abokan fatsa su ne masu sayenka na farko. Domin ƙarin bayani kan irin kifin da ke ruwan yankinku, tuntuɓi malamin gona ko jami'in kula da kifi na ƙaramar hukumarku.